Mai Faci da Tayoyin Bayan Rumfa

An yi wani mutum mai faci a bakin titi, mai sallah a sahun farko, wanda ko sigari bai taɓa kai wa bakinsa ba. Yana da aboki tun na ƙuruciya, dillalin ƙwaya. Wata rana abokin ya roƙe shi ya bari a riƙa cusa kaya cikin tsofaffin tayoyin da ke jibge bayan rumfarsa. Ya ce to. Daga baya aka ƙara masa aiki: in ya hango baƙuwar mota ta rage gudu, sai ya tada injin iska, masu saye su ji ƙara su watse.

Ƙanwarsa mai karatun lauya ta gane. Ta same shi a rumfa, ta gaya masa a wurin doka mai ɓoye kaya da mai gadin hanya duk masu laifi ne.

Ya yi dariya ya ce, "Lauyar gidanmu ke nan. Ni iska nake sayarwa, ita ma kama mutum ake yi a kanta?"

Ta kai maganar gaban mahaifiyarsu. Aka ce boko ya sa ta raina yayanta.

Ya 'yan uwa, samarin da suka zauce a layin nan, wa ya tsare musu hanyar saye? Hannun da ke kunna injin nan, wankakke ne?

Ranar da jami'ai suka zo, ba da mota suka zo ba. Ɗaya ne ya turo babur ba iska. Mai faci ya duƙa yana kwance taya, sauran suka zagaya bayan rumfa.

A kotu, abokin ne ya fara nuna shi da yatsa. Alƙali ya tambayi mai faci ko ya san abin da ke cikin tayoyin. Ya amsa da ƙarfinsa cewa ya sani, amma bai taɓa sayarwa ba. Yana zaton wanke kansa yake yi. Da bakinsa ya ɗaure kansa.

Ni ce ƙanwar. Ni ke kai masa abinci gidan yari, ina ratsa layinmu ana nuna ni, kuma ban sunkuyar da kai ba, ba zan sunkuyar ba. Waɗanda suka ce na raina shi, yau su ke cewa in fito da shi tunda na yi karatu. Da me? Karatun da kuka ƙi ji tun yana da amfani?

Ku ji da kyau: wanda ya ba mugun kaya wurin kwana ya shiga cinikin, ko bai taɓa su ba.

Allah ya fito da shi da sauran ƙarfinsa, ya kiyaye mu da abokin da zai ce, "Ajiye min kawai."