Sunaye Ɗari Biyu da Suka Koma Goma Sha Ɗaya

Akwai wani matashi mai rubuta manhaja a ofishin kwamfuta na wani asibiti. Abokan aikinsa suna kiransa Na-Sani, domin ba ka isa ka ƙarasa magana ba sai ya ce, "Na sani." Ya iya aiki, wannan ba a musu. Amma zama da shi sai mai haƙuri.

Asibitin ya shirya ranar ba da gudummawar jini. Sista mai kula da ɗakin ajiyar jini ta ce tana son a rubuta sunan kowa, lambar wayarsa da rukunin jininsa, saboda ranar da za a nemi mutum da gaggawa. Aka ba Na-Sani aikin rubuta manhajar da za ta ajiye sunayen. Cikin kwana biyu ya gama, yana ta juya kujera yana fito.

Teburin da ke kusa da nasa na wata mata ce da kowa ke ce wa Anti. Shekararta goma sha huɗu tana wannan aiki. Ta leƙa allon kwamfutarsa, ta gyara tabarau.

"Ƙanena, dubi nan. Yadda ka buɗe fayil ɗin, duk lokacin da aka tayar da manhajar za ta share abin da ke ciki ta fara sabo. Ka buɗe shi ta hanyar ƙari."

"Na sani, Anti."

"Kuma ba ka rufe shi ba. Abin da kake rubutawa ba ya sauka cikin fayil nan take, yana taruwa ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta tukuna. In wuta ta ɗauke kafin ya sauka, ya tafi ke nan."

"Anti, wannan tsoron na zamaninku ne. Na gwada da suna biyar, lafiya lau."

Anti ta dube shi, ta dubi silin, ta koma kan aikinta. Washegari ta sake tuna masa, ya sa abin sauraro a kunne.

Ranar ta zo. Tun safe layi ya fita har bakin ƙofar asibiti: teloli, direbobi, malaman makaranta, mata da goyo. Batirin kwamfutar Na-Sani ya daɗe da lalacewa, sai da caja take aiki, kuma wayar cajar ta bi ta inda mutane ke wucewa. Sau uku ana taka ta, sau uku kwamfutar na mutuwa. Kowane karo ya kunna, ya yi tsaki, ya ce, "Na gaba."

Da yamma Sista ta zo da fara'a. Mutum ɗari biyu da goma sha huɗu suka ba da jini. Ta ce a buga mata sunayen.

Ya buɗe fayil. Suna goma sha ɗaya.

Ya rufe, ya sake buɗewa. Ya duba kwandon shara na kwamfuta. Ya ce ƙwayar cuta ce, ya ce laifin mai taka waya ne. Sista ta dafe kai.

"Ɗana, na tsayar da mutane cikin rana tun safe. Sauran suna ina?"

A karon farko a ofishin nan, bai ce ya sani ba.

Bayan kwana tara aka kawo wata mai haihuwa da ta zubar da jini sosai. Rukunin jininta mai wuyar samu ne, kuma wanda aka ajiye ya ƙare. Sista ta tuna sarai cewa mutum biyu masu irinsa sun zo ranar gudummawar. Amma su wa? Ina lambarsu? Mijin matar ya yi awa biyar yana yawo a kan babur daga wannan asibiti zuwa wancan kafin ya samo jini leda biyu. Allah Ya sa ta rayu.

Na-Sani yana tsaye a baranda lokacin da mijin ya dawo, rigarsa jiƙe da gumi.

Shugaban asibiti bai kore shi ba. Ya ba shi littafi da biro, ya ce ya nemo sunayen nan da ƙafarsa. Mako uku yana bin shaguna, tashoshin mota da makarantu. Wasu suka ba shi, wasu suka ce, "Ba kai ne mai kwamfutar ba? Ina wanda muka faɗa maka?" Ɗari da sittin ya samu. Sauran har yau babu.

Ranar da ya dawo ofis, ya jawo kujera kusa da Anti.

"Anti, don Allah ki nuna mini."

Ta gyara wurin buɗe fayil, ta ƙara umarnin da ke sauke kowane suna nan take, ta sa a rufe fayil in an gama. Ko shayinta bai huce ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, ƙanena."

Ya daɗe yana kallon layi ukun nan da ta rubuta.

Darasi: Gyaran da za a yi maka cikin minti biyu, in girman kai ya hana ka saurara, wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba ne zai sha wahalarsa. In wanda ya riga ka a aiki ya ce ka duba, to ka duba. Ku tura wa abokanku, musamman wanda kuka san ba a gaya masa magana.