Fatu Biyu a Gaban Sarki

A wani zamani da ya shuɗe, wazirin wata ƙasa ya rasu, ba a kai ga naɗa wani ba sai ga manzon sarkin arewa da jajayen fatu biyu. Ya ce a faɗi wacce ce ta akuya, wacce ce ta tunkiya. In an kasa, ayarinsu ba zai ƙara biyowa ta nan ba. Sarki ya yi shela cewa wanda ya warware, rawanin waziri nasa ne.

Cikin fadawa akwai Malam Barau, magatakardan Sarki. Ɗan Jatau majemi ne, amma shekara ashirin yana cewa ubansa wani malami ne daga gabas. Kullum idonsa na kan Malam Sambo ɗan Alƙali: yadda yake naɗi, yadda yake taku. Duk sanda ya dube shi, sai ya ji kamar warin jima na tashi daga tasa rigar.

Da fatun suka zo hannun Barau, taɓawa ɗaya ya gane. Amma ya ce a ransa, in na faɗa, za a tambaye ni inda na koya. Ya miƙa su gaba. "Allah ya ba ka nasara, wannan ba ilimin malamai ba ne."

Sambo ya ce, "Ni ma ban sani ba, amma na san inda masu sani suke." Ya tafi majema da ƙafarsa, ya zo da tsoho Jatau.

Tsohon ya shigo, ya ga ɗansa, bakinsa ya kufce, "Barau." Barau ya kau da kai. Jatau ya durƙusa, ya ja fatun, ya ce, "Wannan mai tauri ta akuya ce, mai saki ta tunkiya." Manzo ya amsa haka ne.

Sarki ya ce, "Tsoho, ina ka san magatakardana?"

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, idona ne ya tsufa. Ya yi mini kama da wani ɗana."

Sarki ya juya. "Barau, haka ne?"

Barau ya faɗi ƙasa, ya furta gaskiya duka.

Sarki ya ce, "Da ka faɗi amsar nan, da yau kai ne waziri, kuma ba wanda zai tambayi ubanka face don ya gaishe shi. Wanda ya ɓoye mahaifinsa, wata rana zai ɓoye mini abin da zai halaka ƙasata." Aka naɗa Sambo waziri, aka ba Jatau sarautar majema, aka karɓe alƙalamin Barau.

Barau ya koma unguwar majema, ya naɗe hannun riga ya nufi ramin jima. Ubansa ya shimfiɗa masa tabarma can nesa, a inuwa, ya ce, "Zauna nan, Malam, kada mu ɓata maka kaya." Har tsohon ya rasu bai sake kiransa da sunansa ba.