Kwantena Biyu na Zanen Makoki

An yi wani mutum a nan Abijan. Ba zan kama sunansa ba, don masu saninsa suna cikinku. Mahaifinsa ya zo daga Tawa da ƙafarsa, ya yi wahala, ya mutu ya bar masa babban shagon sarin atamfa a Adjamé, da rumfa biyu a kasuwar Treichville, da gida a unguwar Arras. Shi ɗan a nan aka haife shi, ya yi boko, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Burinsa shagon nan ya wuce inda uban ya bar shi. Wannan ba laifi ba ne.

A shekarar 2007 ya sayo kwamfuta. Ya tara ma'aikatansa, su ashirin da biyu, ya ce, "Daga yau shagon nan na kowa ne. Duk mai dabara ya kawo, duk abin da kuka sani ku faɗa wa injin nan. Wallahi ba wanda zai rasa abincinsa saboda shi."

Ya 'yan uwa, da bakinsa ya ce wallahi, ba wanda ya matsa masa.

Cikin ma'aikatan akwai tsofaffi uku da suka yi aiki da mahaifinsa: Talatu da Zuhura da Saudatu. Ba su san baƙi ba, amma sun san zane. Sun san sunan da matan kasuwa suka laƙaba wa kowanne, da wanda ake so a Bouaké, da wanda amarya ke nema, da wanda ke zuba tun wankin farko.

Kuna tsammani sun ji tsoron injin? Ina! Talatu ta fi kowa ɗoki. Kullum tana zaune kusa da Abdulra'uf, akawun shagon, tana leƙa gilashin.

"Malam akawu, a ina yake ajiye abin da nake faɗa masa? In aka ɗauke wuta ba ya mantawa?"

"Ba ya mantawa, Inna."

"To, ya fi marigayi mijina, Allah ya ji ƙansa."

Wata biyu suna juye masa abin da ke kansu. Ran nan maigidan ya sauko, Talatu ta tare shi gaban mutane ta ce, "Ɗan Alhaji, ka ce a kawo dabara, ga tawa. Injin nan yana rubuta abin da ya fita, amma ba ya rubuta dalili. Wani zanen don so ake sayensa, wani don anko, wani don arha. A buɗe masa wurin rubuta dalili."

Ya yi dariya. Ya ce, "Tanti, inji ba ya cin tatsuniya, lamba yake ci. Je ki ninke zannuwa." Maza suka taya shi dariyar, don shi ke biyansu.

Da aka gama aikin sai ya zauna ya gwada. Duk zanen da ya nema, injin ya fito masa da shi. Sai zuciyarsa ta ce masa, mene ne kuma amfanin baki uku? Ƙarshen watan ya kira su ya ce, "Ku je ku huta haka nan." Ya miƙa wa kowacce turmin atamfa ɗaya. Shekara talatin da ɗaya, turmi ɗaya! An matse lemo an yar da ɓawo.

Daga ranar shago ya yi tsit. In ya yi magana a ce, "To, patron." In ya ce wa ke da shawara, kowa ya dubi takalminsa. Abin ya yi masa daɗi. Ya ɗauka ladabi ne ya shigo. Ya gina ofis a saman bene, ya sa na'urar sanyi, sai dai ya tafi Dubai ya dawo, ya hau sama ya tambayi injinsa.

Shekara ta zagayo, Babbar Sallah na tafe. Ya nemi zanen da ya fi fita bara. Injin ya nuna masa wani mai ruwan toka da ƙananan fitilu. Cikin mako uku kawai, abin da aka saya ya ninka na sauran sau goma.

Ya yi mamaki, wallahi ya yi. Ya sa aka kawo masa turmi ɗaya, ya shimfiɗa, ya shafa, ya ɗaga shi wajen taga. Me mata suka gani a wannan? Launin ne? Fitilun ne? Me ya sa mako uku, sannan shiru? Ya ce a ransa, ai ƙarewa ya yi. Tambayar na cinsa, ga mutane cike da ƙasan bene. Amma yaya mai boko zai sauko ya tambayi mai ɗaukar dila?

Ya sayar da rumfunan Treichville. Ya sayar da gidan Arras da 'yan haya a ciki. Ya aika a buga masa zanen nan kwantena biyu.

Ranar da kayan suka iso, Kailu mai kula da sito ya farke dilar farko, ya tsaya, ya dubi 'yan uwansa. Suka jera kaya.

Mako ɗaya, mako biyu. 'Yan sari na shigowa, su ga zanen, su juya. Ya rage kuɗi, ba mai taɓawa. Sallah saura kwana biyar ya naɗe turmi ɗaya a hammata, ya shiga tasi zuwa kasuwar Treichville, ya ajiye shi gaban wata mai rumfa da ba ta san shi ba.

Matar ta ja baya ta ce, "Yako, sannu da rashi, ɗan uwa. Wa ya rasu?"

Ya ce ba wanda ya rasu, na Sallah ne.

Ta ce, "Na Sallah? Wannan ai shi muka yi anko bara da shugabar ƙungiyarmu ta mutu a haɗarin mota. Matan kasuwanni uku ne suka ɗaura shi zuwa jana'iza. Sunansa yanzu Uwa Ta Tafi. Wace ce za ta sa shi ta je Idi? Ɗauke mini shi daga kan teburi, don Allah."

Ya koma Adjamé, ya shiga sito.

"Kailu, ka sani?"

"Patron, har mai gadi ya sani."

"Me ya hana ku faɗa mini?"

Kailu ya dube shi ya ce, "Wadda ta faɗa maka magana, ina take?"

Zanen nan da kilo aka auna shi a ƙarshe, masu katifa suka saya. Shagon ya koma hannun wasu. Ma'aikata suka watse. Yau yana raɓe a ɗakin ƙaninsa, in ya fito sai ya bi bayan layi.

Ya 'yan uwa, laifin injin ne? Ko kusa. An tambaye shi, ya faɗi abin da aka zuba masa. Su waɗanda suka karɓi shagon ma da shi suke aiki, suna kuma zama da mutanensu su ji. Abin da ya kayar da mutumin nan cin amana ne da raini. Ka ce wa mutum buɗe bakinka, ya buɗe, ka kwashe abin da ke ciki ka kore shi, sannan ka zaci na baya za su ga rami su ce maka tsaya?

Kada kuma wani ya ce mini ai Allah ya saka musu, a bar maganar. Karyewarsa ba ta sa tukunyar kowa a wuta ba. Saudatu ta rasu ba ta ji kalmar haƙuri daga bakinsa ba. Zuhura idonta ya tafi. Talatu na tallan goro a rana a tashar Adjamé, motocin haya na gbaka na watsa mata ruwan kwata. Ku dattawan da kuke gaisawa da shi a masallaci, ku kama hannunsa ku kai shi gaban matan nan tun suna da rai. Haƙƙin mutum ba istigfari ke wanke shi ba, sai mai shi ya yafe.

Allah ya kiyaye mu da cin gumin na ƙasa da mu. Allah ya sa a gaya mana gaskiya tun da sauran amfaninta, ya ba mu kunnen ji. Amin.