Gizo da Makarantar Hutu

"Ku matso, 'yan hutu, masu hana tsohuwa rawar gaban hantsi. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

"Tanimu, maigidana, cire hannunka daga kwanon gyaɗata, sannan ta zo."

To, wata shekara Malam Dila ya ba 'yan makarantarsa dogon hutu, daidai tsakiyar damina. Iyaye na gona tun safe, yara na gari ba mai ce musu kul. Kwana biyu kacal aka yi, ɗan Biri ya fasa tulun uwarsa, 'ya'yan Akuya suka cinye shanyar kuka, ɗan Zomo kuwa ya faɗa rijiya sau biyu, na biyun don ya nuna wa abokansa yadda ya yi na farko.

A ranar ne Ƙoƙi, matar Gizo, ta shirya tafiya suna garinsu. Ta tsaya bakin ƙofa da ƙunshinta a ka, ta ce, "Gizo, kwana uku zan yi. Ga danga, ga rumbu, ga ɗaki. Ni na kafa, ni na yaɓe, ni na biya aka yi jinka. Ban ce ka ƙara komai ba. In tarar da su yadda na bar su."

Gizo ya ce, "Haba Ƙoƙi, sai ka ce yaro kika bar wa gida."

Tana ba da baya ya tuna babu mai yi masa girki. Sai ya naɗa rawani, ya tafi dandali inda iyaye ke ta ƙorafi, ya ce, "Jama'a, ku kawo mini yaranku. Zan koya musu aikin hannu, su yi wasa, su ƙaru. Ba na son ladan kowa. Kowane yaro dai ya zo da abincin ranarsa, ni zan ajiye masa, kada ƙuda ya taɓa."

Uwar Akuya ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Malam Gizo! Gobe tun da sassafe za ka gan su."

Gari ya waye, yara suka cika gidan Gizo, mai ɗanwake, mai dafaffiyar masara, mai fura. Gizo ya tattara kwanuka ya kai gindin ɗorawa a bayan gida, ya ce, "Yau motar kara za ku yi. Ku ɓare kara, ku yayyanka totuwarsa, ku soke shi da ɓawon, ku yi taya da sakaina. Ku tafi. Kada wanda ya dame ni, zan yi nazari."

Nazarin nan kuwa da baki ake yin sa. Ya share kwanuka tas, ya miƙe ƙafafu.

To kun san damina. Dawa na tsaye koriya shar a gona, busasshen kara sai wanda aka yi danga da shi. Yara suka zaga gari ba su samu ba. 'Yar Bushiya, yarinya mai ladabi, ta zo ta durƙusa ta ce, "Malam, mun ga kara a nan kusa, amma a tsaye yake. Mu ɗauka?"

Gizo bai buɗe ido ba ya ce, "Ku kwantar da shi."

Da la'asar ya farka, ya ga motoci ashirin a jere, har da mai tirela, ga ɗan Zomo da tabarau na kara yana ba da hannu. Danga kuwa babu ko ɗaya, daga tsakar gida kana hango kasuwa. Ya tuna da kashedin Ƙoƙi, ya miƙe zumbur. Amma sai ga iyaye sun zo ɗaukar yara, suna ta tafi, uwar Zomo har ta ce gobe za ta ƙara man shanu a ɗanwaken. Gizo ya lashe baki, ya ce a ransa, "Danga ai ba cin ta ake yi ba."

Rana ta biyu kwanuka suka ƙaru. Gizo ya ce, "Yau babu mai taɓa kara. Shanun laka za ku gina, da tozo da ƙaho, ku shanya su a inuwa kada su tsage. Ku tafi, zan yi nazari."

Yara suka je kududdufi inda ake ɗibar laka, suka tarar ruwa ya cika shi har baki. 'Yar Bushiya ta dawo ta durƙusa. "Malam, mun ga ƙasa mai kyau, an ma riga an cuɗa ta da ciyawa, sai dai ta bushe. Mu jiƙa?"

Gizo ya juya ɗaya gefen ya ce, "Ku jiƙa mana! Komai sai an tambaye ni?"

Suka jiƙa, suka ɓanɓara, suka kwaɓa. Da la'asar Gizo ya farka ya ga garken shanu ya fi na Fulani, har da bijimi mai ƙahon ƙaya. Ya waiga, ya ga rumbun Ƙoƙi da ƙaton rami a gindi, gero na tsiyaya, 'ya'yan Kaza sun yi layi suna taimaka masa.

Ya ɗora hannu a ka zai yi ihu, sai ga uwar Biri da ƙwaryar zuma. Ta ce, "Malam, yarona bai fasa komai ba kwana biyu. Ga tukuici." Gizo ya sauke hannun daga ka ya karɓi zuma.

Rana ta uku Gizo ya ce yau zai yi wayo. Saura ɗaki, kuma a cikinsa zai kwanta ya yi gadi. Ya tara yara ya ce, "Babu kara, babu ƙasa. Hadari na haɗuwa, ku yi wa shanunku 'yan bukkoki kada ruwa ya narkar da su. Ciyawa ta cika daji." Ya kwashi kwanuka ya shige ɗaki, ya sa sakata.

Yara suka yanko ciyawa, amma ɗanya ce, da an ɗaura sai ta langaɓe. 'Yar Bushiya ta zo bakin ƙofa ta durƙusa. "Malam, ɗanyar ba ta yi. Amma ɗan Biri ya hango busasshiya a sama."

Gizo, cikinsa fal da zuma, barci na jan sa, ya ce, "In a sama take ai ba ta da mai ita. Ku kwasa."

Ɗan Biri ya hau, yana zara yana miƙowa, a hankali don kada ya katse wa Malam nazari.

Ɗigon ruwa ne ya tashi Gizo, tsakiyar goshi. Ya buɗe ido ya ga gajimare. Ya ce, "Kai, yaushe Ƙoƙi ta yi wa ɗakin nan ado haka?" Bai rufe baki ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Yara suka kwashi motocinsu suka watse. Bango ya sha ruwa ya sha ruwa, ya zauna. Shanun laka kuwa suna cikin bukkokinsu, ko ɗigo bai taɓa su ba.

Ruwa na ɗaukewa sai ga Ƙoƙi. Ta tsaya ta duba gabas, ta duba yamma, ta ce, "Gizo, ta ina zan yi sallama?"

Gizo na zaune cikin taɓo, ƙofa ce kaɗai a tsaye, da sakatarta. Ya ce, "Ƙoƙi, sannu da hanya. Yaran garin nan ba su da tarbiyya."

'Yar Bushiya, da ta dawo ɗaukar kwanonta, ta durƙusa ta ce, "Inna Ƙoƙi, sau uku muna tambaya, sau uku yana ba mu izini. Kuma kwana uku ba mu ci abincin rana ba, Malam na ajiye mana."

Ƙoƙi ta ajiye ƙunshinta a hankali, ta tono muciyarta daga cikin taɓo. Gizo bai jira bayani ba. Ya tsallake shanu, ya haye bangon maƙwabta, ya lafe a lungun rufi. Yana can har yau, a gidajen mutane, yana ta saƙa, wai rufin Ƙoƙi yake haɗawa. Da ya kusa gamawa sai mai gida ta sa tsintsiya.

"To kun ji. Hannun yaro ba ya zama haka nan. Wanda ya karɓi amanar yara, ya ba su abin yi, ya tanadar musu kayan yin, ya zauna kusa da su. In ya ci abincinsu ya kwanta, da gidansa za su yi wasan."

"Kaka, gobe mu ma za mu yi motar kara?"

"Za ku yi. Na ɓoye muku dami guda a bayan madafa, kuma ina zaune a kanku, idona biyu. Ƙurungus kan kusu, tatsuniya ta koma gidansu, ku ma kowa ya nufi shimfiɗarsa."