Farar Tumfafiya da Gaisuwar Burtu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, kunne na jira.

Wata Fara ce mai ado, tun ƙyanƙyasarta ba ta san wani abinci ba sai ganyen Tumfafiya mai ɗaci. Burtu, wanda ba ya barin fara a daji, in ya hango ta sai ya rusuna ya wuce.

Kullum iska ta kwashi audugar Tumfafiya, Fara kan bi ta da ido, tana mafarkin inda take sauka.

Ran nan ta ce wa Tumfafiya, "Inna, ƙudan zuma na furen gawo, tsutsa na tsamiya. Ni kaɗai aka yanka wa ɗaci?"

Tumfafiya ta ce, "'Yar nan, abin da nake da shi na ba ki."

Sai Fara ta bi audugar nan, lilo-lilo, har kan Magarya. Ta ci zaƙi ta yi barci, ta farka ta ƙara, har ɗacin jikinta ya wanke tas.

Sai ga Burtu, ya matso dab da ita. "Baiwar Allah, ina ɗacin nan naki?"

Fara ta yi miƙa. "Na rabu da shi. Yau ba gaisuwa?"

Burtu ya ce, "Ai da ma shi nake gaisarwa." Caraf, ya haɗiye ta.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, tatsuniya ta bi iska.