Littafin Awon Baba

Auta yarinya ce mai hannu, wannan kam ba mai musu. Tun tana ƙarama, in ka ba ta gawayi da bayan kwali, kafin ka juya ta fitar maka da fuskarka har da ɗaure fuskar da kake yi. Sai dai Allah Ya yi ta da rashin haƙuri, ga ji da kai. Abin da ta sa a ranta, yanzu-yanzu take son ganinsa a ƙasa, kuma duk wanda ya ce mata ta dakata, a wajenta bai san aiki ba ne.

A makarantar koyon zane da ta shiga, ba ta tsaya a fenti da burushi ba. Ita aikinta haɗe-haɗe ne. Sai ta samo katako, ta manna masa ƙyalle da takarda da maɓallai da zare, sannan ta bi da fenti. Wannan kuwa a gida ta tashi da shi. Mahaifinta tela ne, a ƙarƙashin teburinsa ta girma tana tsintar guntayen yadi tana jerawa. Ya rasu tana da shekara goma sha biyar. Aka sayar da keken ɗinkin, wani ya shiga shagon. Abin da ya rage na hannunsa tef ɗin awo ne da wani littafi mai baƙin bango.

Littafin ba na masu kawo ɗinki ba ne, na gida ne. Duk shekara Baba kan tsayar da 'ya'yansa ya auna su, ya rubuta da alƙalaminsa mai shan tawada: kafaɗa kaza, hannu kaza, tsawo kaza. A gefe ya ƙara 'yar magana. "Babban ya fi ni kafaɗa bana." "Auta ba ta tsayawa, tana gudu aka auna ta." A ciki har da shafi uku na yaron da Mama ta haifa kafin Auta, wanda ya rasu yana ɗan shekara uku, ko hoto ba a taɓa ɗaukarsa ba. Mama na ajiye littafin a ƙasan akwati, naɗe cikin ɗankwali. In kewa ta ishe ta, ta ciro ta buɗe ta yi ta kallo.

A shekarar ƙarshe malaminsu ya ce kowa ya yi aiki a kan wanda ya fi tasiri a hannunsa, za a baje ayyukan jama'a su gani. Auta kuwa ta daɗe tana kallon ayyukan wasu masu zane a wayarta, masu manna tsofaffin wasiƙu a allo. Nan take littafin ya faɗo mata. Ranar hutu ta bar ɗakin kwanan ɗalibai ta nufi gida.

"Mama, ki ara mini littafin Baba da tef ɗinsa."

"Me za ki yi da su?"

"Aikin makaranta ne. So nake kowa ya san wanda ya koya mini."

Mama ta daɗe tana riƙe da ɗankwalin kafin ta miƙa. "Auta, ki rufa mini asiri. Kin san ba ni da wani."

"Haba Mama, jibi zan dawo miki da shi."

Ba ta ce za ta yanka ba, domin ta san amsar da za ta ji.

Da malamin ya ga littafin a ɗakin zane, ya juya shi a hankali, ya ce, "Ki je ki yi fotokwafi, ki yi aiki da kwafin. Wannan ki mayar wa mahaifiyarki."

"Malam, ai kwafi ba shi da rai. Manyan masu zane da na asali suke aiki."

"Su ma sai sun gwada. Tsohuwar tawada ba ta shiri da ruwa. Ko wace takarda za ki manna, ki fara ɗiga gam a kusurwa, ki bar ta ta kwana, ki ga abin da zai faru. Saura mako biyu, ina kike sauri?"

Ta ce to, amma a ranta cewa ta yi tsohon nan zamani ya wuce shi. Yana fita bayan azahar ta ɗauko reza. Ta yanke shafukan ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a katako, ta zagaye su da tef ɗin awo, ta sa guntayen yadi a tsakani. Gaskiya tsarin ya yi kyau, har ita kanta ta ja da baya tana murmushi. Ta tsinka farin gam da ruwa a roba, ta tsoma faffaɗan burushi, ta shafe allon tun daga sama har ƙasa. Ko hoton shafukan ba ta tsaya ta ɗauka da wayar da ke aljihunta ba.

Ta je famfo wanke burushi. Da ta dawo, sai ta ga haruffan sun fara kumbura, lambobi suna shiga juna. Ta fizgo tsumma ta danna don ta tsane ruwan, tsumman ya taso da shuɗin tawada, takarda ta biyo shi. Ta koma can, ta dawo nan, duk inda ta taɓa sai ya ƙara dagulewa. Kafin la'asar babu harafi ɗaya da mutum zai iya karantawa. Ta zauna a ƙasa da shuɗin hannu, ta rasa ma yadda ake kuka.

Wata ƙawarta ta shigo, ta tsaya a gaban allon. "Wallahi ya yi kyau. Yaya kika fitar da wannan kalar?"

Abin takaicin ke nan, ya yi kyau ɗin. Mama ta kira ta sau uku a waya, kullum Auta na cewa jibi. Ba ta da wani aikin, don haka shi ta rataye ranar bajewa, kuma shi ya zo na ɗaya. Ana cikin yi mata barka ta hango babban yayanta ya shigo riƙe da hannun Mama. Ashe ya ji labari, ya ɗauko ta don ta ga abin alfahari.

Mama ta gane tef ɗin tun daga nesa. Ta matso da fara'a, ta sa tabarau, ta kai fuskarta dab da allon. Ta duba sama, ta duba ƙasa. Fara'ar ta tafi.

"Auta, ina rubutun?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"To, na marigayi ɗan'uwanki fa? Shi kin cire shi gefe, ko?"

Da ƙyar Auta ta ɗaga hannu ta nuna wata kusurwa ta ƙasa, inda shuɗin ya fi duhu. Mama ta ɗora tafin hannunta a wurin, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta juya wajen babban ɗanta.

"Kafaɗarsa tara ce, ko tara da rabi? Kullum ina dubawa, shi ya sa ban haddace ba."

Bai sani ba. Auta ma ba ta sani ba, domin da take yankan shafin ba ta tsaya ta karanta ba. Mama ta cire tabaraunta ta ce ya mayar da ita gida.

Mai karatu, baiwa ba ta ba mutum izinin taɓa abin da ba nasa kaɗai ba. Da Auta ta faɗa wa mahaifiyarta gaskiya, ko ta ji maganar malaminta, ko ta yi haƙurin kwana ɗaya tak, da ta samu aikinta, Mama kuma ta riƙe littafinta. In aka ba ka amanar abin da babu madadinsa, ka nemi izini, ka saurari wanda ya riga ka sanin aiki, kuma ka gwada kafin ka zartar. Akwai ɓarnar da yabon duniya ba ya gyarawa, kuma sau da yawa wanda ya fi ƙaunarka shi take faɗa wa.