Alwala da Ruwan Onarabul

Onarabul Shekarau, ɗan majalisar jiha, sau uku yana cin zaɓe da rijiyar burtsatse guda a ƙauyen Gangare. Duk kakar zaɓe sai a sake mata fenti a yanka ƙyalle, amma ko ɗigo ba ta taɓa bayarwa ba.

Da ya zo neman zango na huɗu, ya taho da motar taki da ɗan jaridar rediyo.

Ya ce, "Kowa ya dafa Alƙur'ani ya rantse ni zai zaɓa. In kun ƙi, takina ya koma."

Ga damina ta kawo kai, ga rantsuwa ba abin wasa ba.

Sai Nomau mai ga-ruwa ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, za mu rantse. Amma ba a dafa Littafi sai da alwala. A kunna mana rijiyarka."

"Ku ɗebo a rafi mana."

"Yanzu ka gaya wa rediyo ka raba mu da rafi. Mu ƙaryata ka? Allah ya kiyaye."

Onarabul ya share gumi. "To, ku yi taimama."

"Taimama sai inda babu ruwa, ranka ya daɗe. Ka faɗa da bakinka babu, yanzu mu dafa ƙasa."

Ɗan jarida ya matso masa da makirufo.

Onarabul ya dubi makirufo, ya dubi rijiya, ya ce, "A sauke musu takin."